Ta ina ake ganin hannun darakta a fim?

Ummin Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ajin ƙarshe a sashen wasan kwaikwayo da fim, kuma kundin binciken da zan rubuta a kan salon bada umarni ne. Daraktoci biyu na Kannywood na zaɓa zan kwatanta. Wata guda ke nan ina kallon fina-finansu, har na cika littafi da rubutu. Jiya na kai wa malamin da ke duba aikina babin farko, ya karanta shafi uku ya ajiye, ya ce, "Ummi, ai labarin fim kika ba ni. Ina daraktan?" Kuma gaskiya ya faɗa. Duk abin da na rubuta, wance ta so wane, uba ya hana, kishiya ta ƙulla makirci. Wannan kuwa aikin marubuci ne. To shi darakta ta ina ake ganin hannunsa? Don Allah waɗanda suka san harkar ku taimaka mini, saura wata uku in miƙa.

Ɗan Titin Zoo:
Wa alaikumussalam. Ƙanwata, shawarata ki canja maudu'i tun da sauran lokaci. Shekara takwas ina aikin furodakshan, kuma abin da na gani shi ne fim na mai kuɗi ne. Furodusa ya kama gida na kwana huɗu, jarumi yana da wani lokeshan da la'asar, janareta na shan mai. Darakta zai ɗauki sin ashirin a yini, wane salo zai tsaya yi? Abin da ake nema a wurinsa sauri ne. Ki rubuta a kan kasuwanci ko kan waƙoƙi, za ki fi samun abin faɗa.

Baba Mai Kyamara:
A'a, ɗana, kada ka karya mata gwiwa. Abin da ka faɗa na sauri gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba.

'Yata Ummi, ni tun zamanin kaset nake riƙe kyamara, 'yan shekaru bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, lokacin da kyamarar da muke aiki da ita ce ake ɗaukar biki da suna. Na yi aiki da daraktoci da yawa, kuma in aka rufe mini sunan da ke farkon fim, sau da yawa zan gaya miki wanda ya yi shi kafin minti goma.

Ga abin da za ki yi yau da dare. Ki ɗauko fim ɗaya, ki kashe sautin gaba ɗaya, ki kalla. Magana ce take jan hankalinki zuwa labari. Da kin kashe ta, idonki zai fara aiki. Za ki ga inda aka ajiye kyamara, sama da kan mutum ko daidai idonsa. Za ki ga ko mutane a zaune suke kullum a kujera kamar masu jiran ɗaukar hoton fasfo, ko suna motsi, wannan na tankaɗe, wancan na ɗaure igiyar akuya, suna magana. Za ki ga wa ake nunawa idan an faɗi mummunan labari, mai faɗa ko mai ji.

Na yi aiki da wani darakta, Allah ya ji ƙansa, da ba ya yarda mutum ya shigo ɗaki mu gan shi kai tsaye. Sai an fara ganin labule ya motsa, sannan ƙafa, sannan a cire takalmi. Ko muna cikin matsin lokaci sai ya yi wannan. Furodusa ya yi ta ƙorafi, shi kuwa ya ce Bahaushe ba ya faɗo wa ɗakin mutane, fim ɗinsa ma ba zai faɗo ba. Babu wannan a takardar labari. Nasa ne.

Ummin Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri Baba. Wallahi ban taɓa tunanin kashe sauti ba.

Malamin Fim Daga Jos:
Na ji daɗin tambayar nan. Kafin in ba Ummi hanya, bari in amsa wa Ɗan Titin Zoo, domin hujjarsa tsohuwa ce kuma an daɗe da tattauna ta.

Ra'ayin cewa darakta shi ne "mawallafin" fim ya yi ƙarfi ne a Faransa, a mujallar Cahiers du Cinéma, musamman bayan maƙalar da François Truffaut ya rubuta a 1954. Abin lura shi ne daraktocin da waɗannan matasa suka fi yabo, irin su Alfred Hitchcock da Howard Hawks, a Amurka suke aiki ƙarƙashin manyan kamfanoni masu sa ido kan kuɗi da lokaci da 'yan wasa. Hujjar ita ce duk da wannan matsi, akwai abin da ke maimaita kansa daga fim zuwa fim na mutum ɗaya. Saboda haka matsin furodusa bai isa ya sa a ce babu salo ba.

Ummi, ga aiki. Kada ki ɗauki fim sukutum. Ki zaɓi fitowa iri ɗaya daga kowane darakta, misali inda uba ke yi wa 'yarsa faɗa, ko inda aka kawo saƙon rasuwa, ko hirar zance a ƙofar gida. Ki samo uku-uku daga fina-finai daban-daban na kowannensu. Sai ki ja layuka a takarda. Duk lokacin da hoto ya yanke ya koma wani, ɗauka ɗaya ke nan, ki ba ta lamba. Ki rubuta tsawonta da daƙiƙa, girmanta (ta nesa ce, ta rabin jiki, ko ta fuska), ko kyamara ta motsa, da kuma wa ke cikin hoton. Idan fitowa ta kai minti uku, daƙiƙa 180 ke nan, in kika ƙirga ɗauka 30 a ciki, matsakaicin tsawon ɗauka daƙiƙa 6 ne. Wani daraktan za ki tarar da shi ya yi irin wannan fitowar da ɗauka biyar kacal. Daga nan kin samu abin da za ki aza a gaban malaminki wanda ba ra'ayi ba ne.

Aiki ne mai cin rai, fitowa ɗaya tana iya cinye miki awa biyu. Amma babu wata gajeriyar hanya da na sani.

Anti Mai Tace Hoto:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma a nan zan ɗan ja da kai. In Ummi ta ƙirga yanka, aikina ta ƙirga, ba na darakta ba. A wurinmu sau nawa darakta yake zama tare da edita? Da yawa suna gama ɗauka sun wuce wani lokeshan, sai a turo mini hadi-dis da takardar kwantiniti mai nuna jerin abin da aka ɗauka, wani lokacin ma ba takardar. Ni ce zan yanke shawarar ko a tsaya kan fuskar uwa ko a koma kan ɗa.

Kuma yanka ba ƙaramin abu ba ne. Ummi, a aji an taɓa gaya muku gwajin Lev Kuleshov na Rasha, wajen shekara ɗari da suka wuce? Fuskar ɗan wasa guda ya ɗauka, ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa a akwati, ya sake haɗa ta da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Kullum abin da nake yi ke nan a gaban kwamfuta. Akwai jarumar da na taɓa ceto da shirun da ta yi kafin a ce akshin, na ɗauko shi na saka bayan an gaya mata mijinta ya ƙara aure. Mutane suka yi ta yaba yadda ta iya nuna ciwon zuciya.

Malamin Fim Daga Jos:
Hajiya, gyaranki ya karɓu, kuma dole Ummi ta rubuta shi a kundin. Sai dai ina da tambaya. Za ki iya yanka abin da ba a ɗauka ba?

Anti Mai Tace Hoto:
Ba zan iya ba. Nan kam ka kama ni. Akwai daraktan da zai kawo mini sin da kusurwa ɗaya tal, dole in bar shi yadda yake. Akwai wanda zai kawo ta nesa, ta kusa, ta hannu, ta ƙofa, har da ta kazar da ke tsakar gida. To shawarata ga Ummi, ta duba sunan edita a ƙarshen kowane fim. In darakta ya canja edita amma abin bai canja ba, nasa ne. In ya canja tare da edita, namu ne. Haka za ta yi da mai ɗaukar hoto.

Baba Mai Kyamara:
Wannan ita ce magana.

Sarkin Kallo:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ɗan kallo ne kawai. Duk wannan dogon bayani, ba salon Indiya ne kawai ake kwafa ba? Rawa da waƙa, soyayyar mutum uku, auren dole. Me za a nazarta?

Ɗan Titin Zoo:
Ka ga wanda ya faɗi abin da ke raina.

Malamin Fim Daga Jos:
Tasirin Indiya gaskiya ne, babu mai musu. Shekaru da dama gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos suna haska fina-finan Indiya, mutane suka tashi da su, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda aka aro labarai da waƙoƙi aka mayar da su Hausa. Amma aron ma abin nazari ne. Me aka ɗauka, me aka bari? A fim ɗin Indiya saurayi zai riƙe hannun budurwa, zai rungume ta. A namu ba a yi, al'ada ba ta yarda ba, kuma tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001 akwai mai sa ido. To darakta yana da mata da miji a labari, mijin ya dawo daga tafiyar shekara biyu, kuma ba za su taɓa juna ba. Yaya zai nuna kewa? Amsar da kowane darakta ya ba wannan tambaya, ita ce salonsa. Wani zai sa waƙa ya huta. Wani zai sa ta karɓi jakarsa ta rungume jakar. Wani zai nuna ta tana zuba masa ruwa a kofi hannunta na rawa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Bayan juyin juya halin 1979, daraktocin Iran sun shiga irin wannan ƙa'ida, ba taɓa juna tsakanin namiji da mace, kuma mace da lulluɓi ko a cikin ɗakinta. Suka koma ga yara, ga hanya, ga cikin mota, ga kallon ido. Abbas Kiarostami ya shahara da ɗaukar hira a cikin mota, kuma ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a 1997. Ummi, in kin samu fim ɗin Iran ko ɗaya, ki kalla, zai buɗe miki ido kan namu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina bin muhawarar tun safe. Ina so in tuna wa ƙanwarmu cewa in ana maganar daraktoci a ƙasar nan tamu, kada ido ya tsaya Indiya da Amurka. Oumarou Ganda ɗan Yamai ya fara ne da wasa a fim ɗin darakta Bafaranshe Jean Rouch, daga baya ya zama darakta, kuma shi ne ya fara cin babbar lambar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Har yau akwai cibiyar al'adu da sunansa a Yamai. Ga Moustapha Alassane, wanda ya yi fina-finan zane tun shekarun 1960, ya zauna a Tawa, ya rasu a Wagadugu. Waɗannan mutane da ƙaramin kuɗi suka yi aiki, cikin rana da ƙura irin namu. Yadda suke barin kyamara ta tsaya tana kallon mutum yana tafiya a fili, ba gaggawar yankewa, ya bambanta ƙwarai da abin da muka saba gani yanzu.

Malamin Fim Daga Jos:
Madalla. A Najeriya ma akwai Adamu Halilu da ya yi Shehu Umar a 1976, tun kafin zuwan bidiyo. Babin tarihi na kundin zai amfana da su duka.

Mai Kula Da Zaure:
'Yan'uwa, na goge saƙonni biyu da suka ambaci sunan wani darakta da zagi. A yi nazarin aiki, a bar mutuncin mutane.

Ummin Aji Huɗu:
Na gode ƙwarai, ina ta kwafewa. Akwai tambaya ta biyu. Bayan kundin, dole kowannenmu ya yi gajeren fim na minti biyar. Na gwada ɗauka da waya a ɗakin kakata, sai hoton yana ta ƙyaftawa, wasu layuka na hawa suna sauka. Sautin kuma kamar a cikin rijiya.

Baba Mai Kyamara:
Ƙyaftawar daga ƙwan lantarki take. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuwa suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, abin da ya dace da wutar Amurka mai 60. Ki shiga saiti ki mayar da shi 25, in manhajar ta ba ki dama ki sa saurin rufewar idon kyamara ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa. In wutar janareta ce tana iya ci gaba da yi, domin ba ta tsayawa daidai.

Amma ni da za ki ji tawa, ki kashe ƙwan gaba ɗaya. Ɗakin kaka yana da ƙofa, ko? Ki zaunar da ita gefen ƙofar, hasken ya bugi rabin fuskarta. Ɗaya gefen in ya yi duhu da yawa, ki sa ƙaninki ya riƙe farin zani ko farin kwali daga can, hasken zai dawo a hankali. Fatarmu tana son haske mai laushi daga gefe. Kada ki ɗauka da tsakar rana a waje, idanu za su zama ramuka. Da hantsi ko bayan la'asar. In hunturu ya shigo kuwa, hazon nan da kowa ke kuka da shi yana tace rana fiye da duk wani abin da za ki saya.

Sannan kakarki a ina take zama? In a tabarma ne, ki sauko da wayar daidai idonta. Yara da yawa suna ɗauka a tsaye, sai tsohuwa ta fito ana kallonta daga sama kamar wadda ake tuhuma.

Malamin Fim Daga Jos:
Baba ya faɗi abin da aka san Yasujiro Ozu na Japan da shi. Yana ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, kusan daidai mutumin da ke zaune a tabarmar gidajensu, kuma da wuya ya motsa ta. Masu zaman tabarma irinmu ya kamata mu fi kowa gane dalilinsa.

Anti Mai Tace Hoto:
Sauti kuma, ƙanwata, shi ne ke kashe fina-finan ɗalibai. Mai kallo zai jure hoto mai ɗan duhu, ba zai jure maganar da ba ya ji ba. Ki aro waya ta biyu, ki ɓoye ta kusa da bakin mai magana, cikin kwando ko bayan filo, ta riƙa naɗar sauti ita kaɗai. Farkon kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ki daidaita sauti da hoto wajen tacewa. Ɗakin da ba kaya yana amsa kuwwa, ki shimfiɗa darduma, ki rataya bargo a bangon da ba ya cikin hoto. Kafin ku tashi, kowa ya yi tsit ki naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya. Za ki ce me zan yi da shiru, sai kin zo haɗawa za ki ga kowane ɗaki da irin nasa, kuma da shi ake toshe ramukan da ke tsakanin maganganu.

Abu na ƙarshe, in mutum biyu na fuskantar juna, ki ɗauka akwai igiya daga wannan zuwa wancan. Ki zaɓi gefe ɗaya na igiyar ki tsaya a nan. In kika tsallaka, a hoto za su fito duk suna kallon gefe guda, kamar ba da juna suke magana ba. Wannan kuskuren ba ni da maganinsa a kwamfuta.

Ɗan Titin Zoo:
Na karanta duka. Har yanzu ina nan kan cewa kuɗi ke juya yawancin abin da ake gani. Amma maganar labulen da Baba ya kawo ta tuna mini wani da muke aiki da shi yanzu a shiri mai dogon zango, ba ya fara sin sai ya ba kowane ɗan wasa abin da zai riƙe a hannu. Da ina ganin ɓata lokaci ne.

Ummin Aji Huɗu:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma. Na yi yadda kuka ce. Fitowar kawo mummunan labari na zaɓa, uku daga kowane darakta, na kashe sauti, na ja layuka.

Na farkon, a duka ukun, yana manne wa mai magana. Kyamara na matsowa fuskarsa a hankali, sai an gama faɗa a yanka zuwa mai kuka. Na biyun kuwa kusan ba ya nuna mai kawo labarin. A ɗaya, muna kan matar tana tsince shinkafa a faranti, mai maganar yana bakin ƙofa, rabin jikinsa kawai ake gani. Hannunta ya tsaya cak. Ba ta ɗago ba. An daɗe a haka kafin a yanka, kuma da aka yanka ba fuskarta aka nuna ba, yarinyarta aka nuna tana leƙowa daga ɗaki. Na duba sunayen ƙarshe kamar yadda Anti ta ce, editoci biyu ne daban a fina-finan nan uku, amma abin bai canja ba. Na kalli wannan fim sau huɗu a baya, ban taɓa ganin hannun nan ya tsaya ba sai da na kashe sauti.

Malamina ya karɓi babin, ya ce in ƙara fitowar zance. Matsalata yanzu, a fim ɗaya na darakta na biyun mai ɗaukar hoto ma daban ne, kuma a nan kyamarar tana yawan motsi. Ban san ko in cire shi ba.

Malamin Fim Daga Jos:
Kada ki cire. Ki rubuta shi yadda kika gan shi, ki nuna abin da ya canja da abin da ya tsaya. In da hali ki nemi hira da mai ɗaukar hoton, su sun fi daraktoci sakin baki kan yadda aka yi aiki.

Baba Mai Kyamara:
'Yata, ranar Asabar muna da ɗauka a wani gida cikin birni, sin ɗin zance ne ma. Ki nemi izini a gida, ki zo da ƙaninki da littafinki, zan roƙi darakta ya bar ki ki tsaya bayana. Ƙarfe bakwai za mu fara saboda hasken zauren, in rana ta ɗaga ya tafi. Mai kula da zaure zai tura miki kwatancen.